Muryar da Taubashina ke Jira Daga Cikin Tulu Ta Fito

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu, masu shawara da masu zagi, kowa ina yi masa sannu da aiki. A ɓoye sunana, don garinmu Dakoro ko tari na yi a bayan zana an san mai shi. Kuma ina roƙon arziki, ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ina ganin yadda kuke yi wa masu kawo kukansu nan, mutum bai gama sallama ba kun aika shi wuta. Ni na haura tamanin, kada ku wahalar da kanku wurin tura ni, na kusa tashi da ƙafata. Rubutun ma ku yi haƙuri da shi. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ta zamanin Nasara, aka kore ni, don na ɗaure wa mushe, yadda muke kiran malamin boko da Faransanci, bakin riga a jikin kujera. A allo kuma izu biyar na tsaya. Ban kai malam ba, ban kai mushe ba, sai dai baki.

Ina da taubashi, ɗan goggona ƙanwar babana. Zan kira shi Abarshi, ba sunansa ba ne. Shekararmu ɗaya, tun muna tsirara nake ce masa bawana yana ce mini bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Kun san wasan taubasai, duk abin da ka yi wa ɗan'uwanka ba ya da damar fushi. Na sa masa barkono a fura, na ɓoye masa wando a bakin tafki, sai ya yi dariya ya ce, "Mushe, Allah shi shirye ka." Mushe yake ce mini, don aji ukun nan. Shi kuwa Allah ya ba shi zuciya fara fat, ya hana shi kai. Shekara bakwai yana gaban wani malami a Kornaka, abin da ya karanta da safe kafin azahar ya zube. A ƙarshe malamin ya ce ya koma gida ya kama hauya.

Ni a lokacin ina da kamar shekara goma sha bakwai, ina aiki wurin likitan shanu, wani Bafaranshe dogo mai jan wuya da mutane suka sa wa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Aikina in dafa allurai in yi masa tafinta a rugage. Mun san Nasara na da addininsu. Wannan ba ya da ko ɗaya. Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaye shi wa yake bauta wa, sai ya nuna sama da lofen ya ce, "Can? Babu kowa can. Iska ce da duwatsu da lissafi." Na ce a'uzu billahi, na matsa gefe kada aradu ta haɗa da ni. Aradu ba ta faɗo ba, ya ci gaba da shan tabarsa. In Bafulatani ya kawo saniya da laya a ƙaho, sai ya ce in gaya masa, "Bar layarka, amma bari in yi allurata. In ta rayu ka gode wa wanda ka ga dama." Wata rana ya ji a rediyo wasu Turawa sun jefa ƙarfe sama yana kewaya duniya, ya yi ta tsalle kamar an yi masa haihuwa, yana cewa ga shi an leƙa ba a tarar da kowa ba. Na ce, "Mushe, ƙarfe ina ya ga idon gani?" Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce da ba a kore ni daga lakwal ba da na dami duniya. Har batun tafiyar Nasara daga ƙasarmu da ake ta yi a lokacin, cewa yake, "Mu za mu tafi, kuma ya kamata. Amma tsoro zai zauna, shi ne kumandan na gaske."

Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Amma shekarar da annobar bushiya ta faɗa wa shanu, mutumin nan sati uku ya yi yana kwana a ruga, kuma na gan shi da idona yana hawaye tare da wani tsoho da garkensa ya ƙare. An gaya mana wanda bai san Allah ba ba ya da tausayi. To wannan na mene ne? Sau ɗaya ya taɓa gaya mini dalilinsa. Ya ce a yaƙinsu da Jamus ƙanensa ya mutu a hannunsa cikin rami, ya yi kira har muryarsa ta dushe, ba wanda ya amsa.

Ana cikin haka, damina ta ja baya, hatsi ya fara nuna, sai wata rana da hantsi ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya rufe taga, ya kunna fitila. Ya ba ni duma ya ce duniya ce, ya ɗauki goruba ya ce wata ne, fitila kuma rana. Ya ratsa da gorubar tsakani, inuwarta ta faɗa kan duman. Ya buɗe wani littafin kwanaki da aka aiko masa daga ƙasarsu, ya ɗora yatsa ya ce ranar kasuwa ta uku daga yau, da tsakar rana, wata zai tare rana, gari zai yi duhu, sa'annan ya washe. Ya ce, "Je ka gaya wa mutanenka tun yanzu don kada su firgita. Kuma ka ja musu kunne, kada kowa ya dube ta da ido tsirara, tana ƙona ido." Na ce to. A raina na ce wannan kafiri yau ya kai ƙarshe, har ya fara yi wa rana alƙawari.

A daidai kwanakin nan Abarshi ya shiga halwa. Baƙin cikin korar da aka yi masa ne ya sa ya kafa bukkar zana a bayan gari, can gefen gonarsu, ya ce kwana bakwai zai yi yana azumi yana roƙon Allah ya buɗe masa kai. Wa goggo ta ɗora wa kai masa ruwa da fura? Ni. Kun ga an ba kura ajiyar nama. Rana ta huɗu na tafi tun la'asar ba ta yi ba, na tarar da shi ta kafar zana ya yi laushi, leɓe ya bushe, yana jan carbi yana gyangyaɗi. Ga tulun da na juye ruwansa a randa, wofi, a hannuna. Wallahi ban fito gida da niyya ba. Shaiɗan ne ko halina ne, ku zaɓa, ni a wurina sun daɗe da zama abu guda. Na zagaya bayan bukkar, na durƙusa, na cusa bakina cikin tulun. Duk wanda ya taɓa yin magana cikin tulu ya san yadda murya ke komawa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na ce, "Abarshi. Abarshi. An ji kukanka. Ranar kasuwa ta uku, da tsakar rana, za a kama rana. Tahi ka gaya wa mutane su tuba." Na ji carbi ya faɗi. Na ruga cikin hatsi ina toshe baki don dariya. Lissafina mai sauƙi ne: ranar za ta zo ba abin da zai faru, in yi wa Mai Lofe dariya, in yi wa Abarshi dariya, in fito da tulu in nuna, a yi shekara ana ba da labari. Jifa ɗaya tsuntsu biyu. Gargaɗin ido kuwa ko tuna shi ban yi ba.

Ya fito ya faɗa. A tsakiyar kasuwa, wurin masu rakuma. Aka yi masa dariya har da masu riƙe ciki. Liman ya ce yunwa ce, a ba shi kunu. Wani gardi ya ce in ya sake tayar da hankalin kasuwa zai kwana a gidan kaso. Ni ne kan gaba wurin tsokana, ina ce masa, "Bawana, in an kama ranar a wace igiya za a ɗaure ta?" Ya dube ni ya ce, "Mushe, ni ma tsoro nike ji. Amma an ce in hwaɗi." Nan ya kamata in tsaya. Me ya hana ni? Dariyar ba ta gama nuna ba, ina jira ta nuna.

Ranar ta zo. Kasuwa ta cika, Fulani da Buzaye da mutanen Birnin Lalle da na Roumbou. Rana na tsaka sai haske ya fara canzawa, ya yi wani iri kamar ruwan tsamiya. Iska ta yi sanyi. Inuwar ganyen bedi, dogon yaro, a ƙasa ta koma 'yan lauje-lauje. Kaji suka nufi akurki, shanu suka kama kuka, rana ta yi ta raguwa har ta rage ɗan siriri kamar yankan farce. Mata suka hau buga ƙwarya da turmi, maza na salati, wani mahauci ya bar nama ya faɗa ƙarƙashin rumfa. Ni da na ga duma da goruba, ni da aka nuna wa littafin, sai ga ni cikin masu neman mafaka ina salati. Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Abarshi na tsaye a fili, hannu sama, ido cikin rana, yana kuka yana roƙo a yafe wa mutane. Liman da kansa ya zo ya tsaya a bayansa, gari ya bi. Da haske ya dawo, ba a bar ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba har ƙofar gidansu. Tun ranar sunansa ya koma Malam Mai Rana. Tun ranar kuma idonsa na hagu ke da tabo, bai ƙara gani daidai da shi ba.

Da la'asar na je biro na tarar da Mai Lofe da guntun kwalba da ya shafa wa hayaƙi, da shi ya kalli abin. Na gaya masa duka, ina zaton zai yi dariya ya ce ka ga yadda ake yin waliyyi. Bai yi ba. Ya cire lofen daga baki, karo na farko da na ga haka, ya ce, "Na ba ka fitila ka haska wa mutane, ka je ka cinna wa bukkar ɗan'uwanka. Ni ban yarda da abin da ya yarda da shi ba, amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Je ka gaya masa yau. Yau da nauyi, gobe ya fi." Ku ji fa, wanda ya ce babu kowa a sama shi ke yi mini wa'azin gaskiya, ni mai salla. Bayan 'yan watanni suka tattara suka tafi, ban sake jin labarinsa ba.

Na je in faɗa, Allah ne shaida. Na tarar da goggo zaune a ƙofar ɗaki, matar da ta binne 'ya'ya biyar kafin wannan ya tsaya, wadda aka gama yi wa gorin ta haifi dutse. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, ka ga abin da Allah ya yi mini?" Ku da kuke da baki, me za ku ce mata? Na ce na gani, goggo. Na ce bari sai ta kwanta dama. Ta kwanta dama, na ce bari sai ya yi aure. Ya yi aure, na ce bari a wuce yunwar nan. Haka gobe ta yi ta haihuwar gobe.

Kuma abin da ya ƙara ɗaure ni, mutumin nan bai ci da sunan ba. Bai taɓa yin duba ba, bai taɓa rubuta laya ba, ko akuya aka kawo masa sai ya ce a kai wa marayu. In aka ce ya faɗi abin da zai faru sai ya ce, "Sau ɗaya aka gaya mini, ban san komi ba bayan shi." Amma in shanu suka faɗa gona kafin a gama kwashe hatsi, aka zaro takubba da kibau, shi ake kira. Na gan shi a bakin wata rijiya ya shiga tsakanin manoma da makiyaya da 'yar sandarsa, kowa ya mai da ƙarfensa kube. Rayuka nawa ya tsare haka? Ban sani ba. Wa zai saurari Abarshi mai kan dutse in ba don tulu ba? To alherin nan na wane ne, nasa, ko na tulu, ko na littafin kafiri?

Ni kuwa abin ya bar mini tsutsa a zuciya. Ina salla, ina azumi, sahun gaba nake tsayawa. Batun rana bai dame ni ba, wani malami ya taɓa ce mini ai rana da wata da lissafi aka halicce su, sanin lissafin bai kori Mai shi ba, na kuma gamsu. Amma duk ranar da aka ce wane ya ji murya, wane an nuna masa a mafarki, mutane na kabbara, ni sai idona ya kama neman tulu a bayan zana. Wani lokaci ina cikin sujada sai in ji ƙamshin tabar Mai Lofe, in ji yana cewa babu kowa can. In yi istigfari in sake niyya. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko uwar 'ya'yana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Abarshi na kwance. Idon na biyu ma ya tafi shekara shida ke nan, ƙafafu sun kumbura, lokotoron asibiti ya ce dole ya riƙa cin abinci da shan magani safe da rana. Ya ƙi. Azumi yake yi kullum, wata na biyu ke nan, sai guntun kunu da magariba. 'Ya'yansa sun yi kuka, liman na yanzu ya gaya masa addini bai ɗora wa majinyaci haka ba, ya ce ya sani. Ran Talata da hantsi na je, na ce, "Bawana, an ce ka ƙi tuwo. Rowa ce ta kai ka ga yi wa cikinka?" Ya yi murmushi ya ce kowa ya fita a bar shi da bawansa. Ya lalubo hannuna. Hannun kamar kara.

Ya ce, "Mushe, kai kaɗai zan gaya wa, don kai ba ka ɗauke ni waliyyi ba. Shekara sittin da wani abu ina saurare. Na koma halwa ta fi sau arba'in, wuri guda, bukka iri guda. Ba a sake yi mini magana ba."

Na ce, "To ai sau ɗaya ma ba kowa ke samu ba."

Ya ce, "A'a. Na san abin da na yi. Ranar da suka ɗauke ni sama, na ji daɗi. Na ce a raina, yau ina malamin Kornaka da ya kore ni? Tun nan aka rufe mini ƙofa. Tsoro nike ji in mutu ana hushi da ni. Ba ni aje azumin nan sai an ce mini an yafe, ko in tahi a haka."

Na ce, "Kai dai ka cika son girma, sai an aiko maka da takarda?" Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni ma na yi. Wannan ita ce dariya mafi muni da na taɓa yi, ni da na yi dariya a wurare da yawa da ba su dace ba. Mutum ya yi shekara sittin yana tuba daga laifin da babu shi, yana jiran wanda ke zaune a gabansa yana riƙe da hannunsa.

Ga inda nake. In na gaya masa gaskiya, zai san ba a yi fushi da shi ba, wataƙila ya ci abinci. Amma zai san ba a taɓa kiran sunansa ba, cewa idonsa da ƙuruciyarsa da hawayen uwarsa duk wasan taubashi ne. Tsoho makaho a bakin kabari, in na zare masa wannan, me zai kama? In tsutsar da ke cikina ta koma cikinsa a kwanakinsa na ƙarshe fa, wa ya kashe shi, kuma wane irin kisa? In na yi shiru, yunwa za ta ƙarasa shi ina kallo, yana zaton shi abin ƙi ne.

Akwai ta uku, ita ce nake jin kunyar rubutawa. Ɗakinsa na da 'yar taga ta baya, wajen garken awaki, kuma da azahar gidan ba kowa. Jiya na ɗauki tulun uwar 'ya'yana na shiga bayan rumbu, na cusa baki na ce, "Abarshi, an yafe maka, ci abinci." Haƙora sun zube, muryar na rawa, amma tulu bai tsufa ba, yana nan yadda na san shi. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Malam, mi kake nema cikin tuluna?" Na ce kunama nake dubawa. Kalma shida ce, za ta sa shi shan kunu, ya mutu da murmushi. Amma ƙarya ce a kan ƙarya, kuma da sunan wa zan ce an yafe? Wa ya aike ni? In akwai Mai ji a can, kuma ina fata akwai, da wace fuska zan tsaya gabansa na yi sojan gona sau biyu? Sa'annan makaho ya fi kowa sanin murya. In ya ce, "Mushe, kai ne?" fa?

Kada ku ce in je wurin malamai, rabinsu shi suke kai wa 'ya'yansu ya tofa musu albarka. Kada ku ce in yi ta addu'a in jira, jira ne ya kawo ni nan, kuma lokotoro ya ce a haka ba zai ga watan gobe ba. Wanda zai zage ni ya zaga, na ci, amma in ya gama ya bar mini shawara a ƙasa. Tulu na nan bayan rumbu, ban mayar ba. Gobe da hantsi na ce masa zan dawo, ya ce in zo da labarin dariya, ya gaji da masu kuka.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?